Sabuwar filasma, tsohuwar waya: amsa ga mai gidan kallo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan gidan kallon ƙwallo a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim. Na sayar da tsohuwar talabijin ɗina mai doro, na sayo babbar filasma mai inci 55, na jona ta da dikoda da wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja. Wallahi hoton ya fi na tsohuwar muni, ko lambar rigar ɗan wasa ba a gani sosai. Mai shago ya ce sai na sayi wayar HDMI mai ruwan zinare, mai tsada. Ina kuma so in ƙara talabijin ta biyu a can ƙarshen rumfa, in kai sautin amfilifaya. Wace waya zan saya, kuma yaya zan haɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya sa albarka a sana'a, ya kawo kasuwa. Kwantar da hankalinka, talabijin ɗinka lafiyarta ƙalau. Mai shagon nan kuwa rabin gaskiya ya faɗa maka. HDMI kake bukata, wannan haka ne, amma batun sai mai ruwan zinare ciniki ne kawai. Gyaran talabijin da ɗaura dish shi ne abincina, kuma kukan da ka zo da shi shi ne na kusan duk wanda ya bar mai doro ya koma filasma.

Kafin ka fitar da ko sisi, juya dikodarka ka dubi bayanta. Kana neman wani ɗan rami mai faɗi, siriri, wanda kusurwoyinsa biyu suke a daddatse, an rubuta HDMI kusa da shi. In akwai shi, matsalarka ta waya ce, kuma ƙarama ce. In babu, sai ramuka masu launi kaɗai ka gani, to dikodar ce ta tsufa. Babu wayar da za ta cece ka, sai ka sauya ta da mai HD, wato mai fitar da hoton zamani mai ɗigo da yawa.

Ga abin da ke faruwa. A wayar nan mai kai uku, rawayar ce kaɗai ke ɗauke da hoto. Fara da ja na sauti ne, hagu da dama. Tun zamanin bidiyo mai kaset ake aiki da ita, kuma iyakar abin da take iya ɗauka shi ne hoton tsohon tsarin da muka saba da shi a Najeriya, wato PAL, mai layi 576 daga sama zuwa ƙasa. In ka lissafa ɗigon da ke cikin wannan hoto, 720 a kwance sau 576 a tsaye, za ka samu dubu 414 da 'yan kai. Allon da ake ce wa Full HD yana da 1920 sau 1080, ɗigo miliyan 2 da ɗoriya, ninki biyar ke nan. In kuwa taka mai 4K ce, kamar yadda yawancin masu inci 55 suke a yanzu, ɗigonta 3840 sau 2160 ne, sama da miliyan 8, ninki ashirin. Furar mutum ɗaya ce aka tsuga wa ruwa aka raba wa mutum ashirin: kowa zai samu ludayi, amma ba wanda zai ce ya sha fura. Talabijin ba ta da inda za ta samo abin da ba a aiko mata ba, sai ta ja ɗan wanda ta samu ta shimfiɗa shi ya cika allo. Shi ya sa lambar riga ke narkewa, ciyawar fili ta zama kore kawai ba tsari.

Akwai kuma wani aibun na dabam. Wayar rawaya tana cakuɗa haske da launi a zare ɗaya, talabijin ce ke fama ta raba su, kuma ba ta taɓa raba su tsaf ba. Dubi gefen rubutun da ke nuna ci nawa da nawa, za ka ga yana ɗan motsi, ja yana malalawa cikin fari. Mai doro ta rufa maka asirin wannan duka, domin allonta ƙarami ne, kuma don irin wannan hoton aka ƙera ta.

HDMI wani abu ne dabam. A shekarar 2002 aka fitar da tsarinsa, kuma a cikin kan nan nasa akwai haƙora 19 da ke ɗaukar hoto da sauti gaba ɗaya a waya guda. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, saƙon da ke bi ta cikinsa lambobi ne irin na kwamfuta. Ko dai su isa daidai, ko su kasa isa. In sun isa, hoton da waya mai araha ta kawo shi ne wanda mai tsada za ta kawo, ba a ƙara ɗigo ɗaya ba. Waya ba ta ƙara wa kore korensa, ba ta ƙara wa baƙi baƙinsa. In kuwa ta gaza, ba sai an gaya maka ba: za ka ga fararen ɗigo suna ƙyalƙyalawa a allo, ko hoto ya riƙa ɗaukewa na daƙiƙa biyu yana dawowa, ko allo ya koma ruwan hoda gaba ɗaya, ko ya ƙi kawowa sam. Ruwan zinaren da ake shafa wa kan waya amfaninsa ɗaya ne, hana tsatsa. Ba laifi in ka same shi, yawancin masu arahar ma suna da shi, amma kada a ninka maka kuɗi saboda shi. An ce araha ba ta ado, to a nan tana yi.

Abin dubawa a jikin leda shi ne ajin wayar. Wadda aka rubuta wa High Speed tana ɗaukar gigabit 10.2 a daƙiƙa (gigabit ma'aunin yawan saƙon da ke bi ta waya ne), ta ishe 1080 har da rara. Premium High Speed tana ɗaukar 18, ita ce ta hoton 4K cikakke. Ultra High Speed tana ɗaukar 48, an yi ta ne don 8K da manyan na'urorin gem irin su PlayStation 5. Ƙwallon da kake haskawa, mafi kyawunsa 1080 ne, saboda haka ta farkon ta wadatar da kai, ta biyun kuma in bambancin kuɗin ba shi da yawa ka ɗauka. Ta ukun ba ka da aiki da ita. Sai dai rubutu a leda ba wuyar bugawa gare shi ba, na sha ganin waya siririya an buga mata 8K da manyan baƙaƙe. Ni hannuna na fi yarda da shi. Ɗauki wayar ka ji tana da ɗan nauyi, ka lanƙwasa ta a wuya, wato inda kan ya haɗu da jiki, ka ga akwai roba mai kauri da ke riƙe wajen, domin a nan kusan duk wayar HDMI take mutuwa. Sa ta a rami ka ji ta shiga ta zauna daram, ba ta lilo. Ko a kasuwar Sabon Gari ka saya ko a rumfar kayan wuta ta Gujungu, ka ce a gwada maka a kan talabijin kafin ka biya. Kuma ka sayi biyu. Ranar da Arsenal ke karawa da Manchester United ba ranar neman waya ba ce.

Tsawo kuma ka sayi daidai bukata. In dikoda na ƙarƙashin talabijin, mita ɗaya da rabi ko biyu ta isa. Kada ka bar nauyin wayar yana rataye a ramin, musamman tunda a gidan kallo a sama ake kafe talabijin. Ɗaure ta a jikin ƙarfen da ya riƙe talabijin ɗin, ka bar mata ɗan sako-sako kafin ta shiga rami. Ramin da nauyi ya ja har ya ɓalle daga allon ciki, wato farantin kayan lantarkin da ke cikin talabijin, gyaransa ya fi kuɗin waya goma.

Bayan ka jona, aiki bai ƙare ba, kuma a nan mutane da yawa ke tsayawa su ce HDMI ɗin ma ba ta yi komai ba. Cire rawayar daga talabijin gaba ɗaya. Ɗauki rimot ɗin talabijin ka danna Source ko Input, ka zaɓi lambar ramin da ka sa, HDMI 1 ko HDMI 2. Na taɓa zuwa gidan da aka sa sabuwar waya amma aka bar talabijin a kan AV, wato mashigar wayar rawaya, ana ta kallon tsohon hoton ana zagin mai shago. Daga nan ka shiga saitin dikoda, wajen hoto, ka sa ta fitar da 1080i ko 1080p a kan 50Hz, domin wasu suna zuwa a saite a kan 576. Ka sa siffar allo a 16:9, in ba haka ba 'yan wasa su zama gajeru masu ƙiba, ƙwallo ta daina zama da'ira. Na ƙarshe, tashar kanta sai ta kasance HD. Ko DStv kake, ko StarTimes, ko resibar tashoshin kyauta, akwai tashoshin da har yanzu a tsohon tsari suke watsawa, kuma waɗannan HDMI za ta ɗan tsabtace su ne kawai, ba za ta mai da su HD ba. Tasha, dikoda, waya, talabijin: wanda ya fi rauni a cikinsu shi ke yanke hukuncin abin da za ka gani.

Za a iya tallata maka wani ɗan akwati mai karɓar rawaya da fari da ja ya fitar da HDMI. Amfaninsa ga wanda talabijin ɗinsa ba ta da ramukan AV ne yana so ya sa tsohuwar DVD. Hoton 576 ɗin nan dai shi zai miƙa, kada ka saya da niyyar gyaran hoto. Akwai kuma waya mai kai biyar, kore da shuɗi da ja na hoto, sai ja da fari na sauti. Ita tana ɗaukar HD, amma sababbin talabijin da yawa sun daina zuwa da ramukanta.

Yanzu talabijin ta biyu. In wasa ɗaya kake so ya fito a duka biyun, abin da za ka nema shi ne sifilita ta HDMI, mai shiga ɗaya fita biyu, wadda ke da nata caja da ake sawa a wuta. Kada a ba ka suwic a maimakonta. Suwic akasin haka take yi, na'urori da yawa ne ke shiga su fita a talabijin ɗaya, kuma a ido kamanninsu ɗaya. Karanta jikin akwatin ka ga IN guda ɗaya, OUT guda biyu. Wayar nan mai reshe biyu marar wuta kuwa ka ƙyale ta, wahala ce. Dikodar biyan kuɗi tana da wata kariyar hana kwafar hoto mai suna HDCP, kuma sifilitar da ba ta jituwa da ita baƙin allo za ta ba ka, don haka in da hali ka tafi da dikodarka shagon a gwada. Ka kuma sani, sifilita da yawa suna bin talabijin ɗin da ta fi rauni. In ta biyun ƙarama ce mai inci 32, irin waɗanda allonsu 1366 sau 768 ne, tana iya jawo babbar ta sauko. Tsayar da dikoda a kan 1080i, kusan kowace talabijin mai HD tana karɓarsa.

Nisa ne zai yanke irin wayar. Zuwa mita 10, wayar HDMI mai kauri tana kai 1080 lafiya. Daga mita 15 zuwa sama sa'a ake gwadawa. In rumfarka ta fi haka tsawo, akwai wasu ƙananan akwatuna biyu da ake sayarwa tare, ɗaya a wajen dikoda ɗaya a wajen talabijin, a haɗa tsakaninsu da wayar intanet Cat6. Suna kai mita 50 ba matsala in wayar ta jan ƙarfe ce ta gaske. Akwai kuma doguwar HDMI mai zaren gilashi a ciki, tana da kyau amma hanya ɗaya take bi: kan da aka rubuta wa Source yana wajen dikoda, mai Display yana wajen talabijin. Duba wannan kafin ka hau tsani ka ɗaure ta a jikin azara, ba bayan ka sauko ba.

In kuwa wasanni biyu dabam-dabam kake so a lokaci guda, wannan ba aikin sifilita ba ne. Dikoda ta biyu za ka saya, ka sa LNB (ɗan kan nan da ke gaban dish yana karɓar sigina) mai baki biyu, kowace dikoda da wayarta. Kada ka tsaga wayar dish ɗaya ka raba musu. Dikoda tana tura wuta bolt 13 ko 18 ta cikin wayar don ta gaya wa LNB rukunin tashoshin da take so, in ɗaya ta nemi 13 ɗaya ta nemi 18, wata za ta rasa tasharta.

Sauti ya fi sauƙi fiye da yadda kake zato, kuma tsohuwar wayarka ba ta zama shara ba. Sa ja da fari a bayan dikoda, ka kai ɗaya ƙarshen ramin AUX ko LINE IN na amfilifaya, ka bar rawayar tana reto. Yawancin dikoda suna fitar da sauti ta nan ko da HDMI na aiki. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauko daga ja da farin da ke bayan talabijin. Waɗannan a mafi yawan filasma na shiga ne, ba abin da ke fitowa daga cikinsu. In lallai daga talabijin kake so ka ɗauka, misali don fim ɗin da ka sa a filash shi ma ya fito a sifika, nemi ramin iyafis, ka sayi waya mai kan iyafis a gefe ɗaya, ja da fari a ɗaya gefen. In babu shi, za ka ga wani ɗan rami mai murabba'i an rubuta Optical, jan haske na leƙowa daga ciki. Wannan yana bukatar wayar haske da ɗan akwatin da ke mai da shi ja da fari. Cire 'yan hulunan roba da ke bakin wayar kafin ka tura, kada ka naɗe ta da ƙarfi, sannan ka shiga saitin sauti na talabijin ka zaɓi PCM. In ka bar shi a Dolby ko Auto, akwatin mai araha ba ya gane shi, sai dai shiru ko wani ƙara mai tsaga kunne. Ramin HDMI da aka rubuta wa ARC kuwa na masu sandar sifika ko gidan sauti na falo ne, amfilifayar gidan kallo ba kasafai take da shi ba.

Rufe muryar talabijin duka biyun ka bar amfilifaya kaɗai, in ba haka ba za ka ji mai sharhi yana magana sau biyu, domin talabijin tana ɗan jinkirta hoto da sautinta kafin ta fitar. In ka lura sauti yana riga hoto, kashe saitin nan mai sa motsi ya yi santsi, ko ka sa hoton a Game, jinkirin zai ragu. In kuma ka ji wani gurnani na ƙasa-ƙasa a sifika wanda ba ya tsayawa, sa dikoda da talabijin da amfilifaya a soket ɗaya, ka raba wayar sauti da wayar wuta kada su tafi a ɗaure tare. Inbata mai araha wadda wutarta ba ta da tsabta ita ma tana jawo shi. Wayar sifika ka sa mai kauri, ja a ja, baƙi a baƙi a duka sifikun. Kada ka yi ta ƙara sifika a baki ɗaya: biyu masu om 8 (om shi ne ma'aunin juriyar sifika ga wuta) in an haɗa su gefe da gefe sun koma 4, huɗu sun koma 2, kuma amfilifaya da yawa a nan suke ƙonewa. Iyakar abin da taka ke jurewa yana rubuce a bayanta.

To kuɗin da ka tanada don zinare fa? Kai shi waje, kan wayar da ta taso daga dish. Ita ce ke shan rana da ruwa da ƙurar hunturu, ita kaifin kwano ke yanka, ita ɓera ke ci a cikin rufi, amma ita aka fi tsuke wa hannu. Nemi RG6, ba siririyar RG59 ba. Ka sa a fere maka ƙarshenta ka duba: saƙar da ke kewaye da farin ɓargon, wato farar robar da ta rufe zaren tsakiya, ta zama mai yawa, ba 'yan silla-silla ba, da takardar alminiyam a ƙarƙashinta. Tafi da maganaɗisu a aljihu, ko na tsohuwar sifika ne, ka kanga wa zaren tsakiya. In ya kama, ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe. Zai yi aiki a gajeren zango, amma a dogon zango wutar LNB tana raguwa a hanya, kuma da damshi ya shiga sai tsatsa. Wanda bai kama ba ya fi.

Ɗaura kan F ɗin nan mai zare, wato ɗan ƙarfen da ake murɗawa a ƙarshen wayar dish, shi ne inda ake gane gwani. Ka yanke rigar waje a hankali kada wuƙa ta taɓa saƙar, ka mai da saƙar baya ta kwanta a kan riga, ka fere farin ɓargon ka bar ɗan kaɗan, sannan ka murɗa kan har farin ya zo daidai da gindin ramin, zaren tsakiya ya leƙo kamar milimita 2 ko 3. Ɗaga shi sama wajen haske ka leƙa ciki. Silin saƙa ɗaya tak, wanda bai kai gashin kai kauri ba, in ya kwanta ya taɓa zaren tsakiya, wutar nan ta 13 ko 18 ta haɗu, sigina ya tafi, wata dikodar ma ta rubuta maka LNB short. Mutum ya kwana yana juya dish a banza. A wajen LNB ka naɗe kan da baƙin salatif sosai, ka sa wayar ta sauko ƙasa kafin ta juya, kuma inda za ta shiga ɗaki ka bar mata ɗan lanƙwasa ƙasa da ramin bango, ruwan sama ya ɗiga a waje maimakon ya biyo ta har cikin dikoda. Inda ta ratsa gefen kwano ka zura ta a guntun tiyo. In ta tsinke kada ka murɗa zare da zare ka naɗe da leda, akwai ɗan ƙarfen haɗi mai zare a kowane gefe da aka yi don haka. Ruwa mai ƙarfi yana ɗauke siginar dish ko da wace waya ka sa, wannan ba makawa. Amma wanda wayarsa ke da kyau sai hadari ya sauko sosai yake rasa hoto, wanda tasa ta ruɓe kuwa tun yayyafi jama'a sun fara neman a mai da musu kuɗinsu. In kana duba sigina a dikoda, layin Quality ka fi sa wa ido, ba Strength ba.

Saura abin da ya fi cin talabijin a ƙauyukanmu, kuma da za ka manta duk abin da na faɗa, kada ka manta wannan. Kada ka sa ko ka cire HDMI alhali na'urorin suna jone da wuta. Masu ƙera ta sun ce ana iya yi, amma sun yi lissafin ginin da ke da wayar ƙasa ne. Mu kuwa janareto ne ko inbata, da dogon ekstenshan mai rami biyu, babu abin da ya taɓa ƙasa. Ka taɓa shafa ƙarfen bayan dikoda ka ji yana ɗan tsikarinka? Wannan wuta ce da ke ɗan yoyo daga sashen wutar na'urar ta taru a jikinta, tana iya kai wajen rabin bolt 230 ɗin da ke soket. Ba ta da ƙarfin da za ta kayar da mutum, amma haƙoran HDMI da 'yar wuta kaɗan suke aiki. In ka kawo kan wayar kusa da rami ka ga ɗan tartsatsi, to wannan ne. Wata rana a tsira, wata rana ramin ya mutu. Abin takaicin, a talabijin da yawa ramukan HDMI duk wuri guda suke komawa a allon ciki, in ɗaya ya ƙone sauran su bi shi, gyara ya zama sauya allon cikin gaba ɗaya. Kashewa da rimot ba ta isa ba. Zare fulogin talabijin da na dikoda daga soket, ka jona wayoyinka duka, sannan ka mai da wuta. Ka kuma hana yara masu zuwa da na'urar gem ko laftof su riƙa cire-sa da kansu.

Maganin dindindin shi ne ka kira mai aikin wuta ya kafa maka sandar jan ƙarfe a ƙasa, a wuri mai damshi, ya haɗa ta da ramin sama na soket ɗinka da jikin janareto da ƙarfen dish. Tayar da inji kuma ka bari muryarsa ta daidaita kafin ka kunna kaya, ka kashe kaya kafin ka kashe shi, kada ka bari mai ya ƙare yana shure-shure talabijin na kunne. Da damina, in ka ga hadari ya haɗo ana walƙiya, zare fulogi, ka kwance wayar dish daga bayan dikoda tun kafin a fara tsawa, ba a tsakiyarta ba. Ba sai aradu ta faɗo a kan dish ɗinka ba. Ta sauka a kusa ma ya isa wuta ta biyo wayar dish ta shiga dikoda, ta bi HDMI ta shiga talabijin, in akwai sifilita ta ƙarasa ta biyun. Sitabilaiza tana gadin ƙofar soket ne kawai, wannan ta baya take shigowa.

In wata rana allo ya nuna babu sigina, tsaya ka gane wa ke magana kafin ka hau rufi. Danna Menu a rimot ɗin dikoda. In jerin saitinta ya fito a allo, HDMI lafiya take, matsalar daga dish ne ko wayarsa. In ba abin da ya fito, tsakanin dikoda da talabijin ne: duba Source, zare wuta ka sauya rami, sannan ka gwada wayar ajiyar nan ta biyu. In akwai sifilita a tsakani, tsallake ta ka jona kai tsaye ka gani. In duk ramukan sun ƙi da waya biyu dabam-dabam, gwada dikodar a talabijin ɗin maƙwabci, domin ita ma nata ramin yana mutuwa, kuma sauya dikoda ya fi buɗe talabijin sauƙi. Kafin mai gyara ya iso, mai da rawayar a AV jama'a su ƙarasa wasansu.